Yankan da ke Kai Saƙo Cibiya: Nazarin Matsalar Wata Ɗaliba a Wani Ɗakin Bincike a Legas

Asalin lamarin, Satumba 2023

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa haifaffiyar Agege ce, mahaifinta mahauci ne da ya daɗe yana aiki a mayankar Oko-Oba. A watan Satumba na 2023 ta fara binciken digirinta na biyu a wani ɗakin bincike a Legas inda ni ma nake aiki, teburina yana fuskantar nata, don haka abin da ke cikin wannan rubutu ya fito ne daga littafin aikinta, da izininta, da kuma abin da na gani da idona.

Tambayar da malaminta ya ba ta mai sauƙin faɗa ce. Akwai wani ganye da masu maganin gargajiya ke sayarwa a unguwarsu, ana cewa yana maganin ƙulluwar mama, kuma wani ɗalibi da ya gabace ta ya ga cewa ruwan ganyen yana kashe ƙwayoyin kansar mama a faranti. Aikinta shi ne ta gano ko ganyen yana yin haka ne ta hanyar toshe saƙon wani furotin mai suna Notch. Ba zan ambaci sunan ganyen ba, domin rubutu irin wannan yakan faɗa hannun mai neman abin talla. Ƙwayoyin da ta yi aiki da su su ne MCF-7, waɗanda aka samo daga wata mai kansar mama a birnin Detroit na Amurka a farkon shekarun 1970, ake kuma renon su a ɗakunan bincike na duniya har yau.

Abin da take nema ta gani

Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum, wadda masana ke kira sel, tana da tantani mai maiƙo da ya kewaye ta, a cikinta kuma akwai cibiya inda ƙwayoyin gado suke ajiye. Saƙon da ya zo daga waje yana buƙatar makarɓi, wato furotin da ke tsaye a cikin tantanin, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Yawancin makarɓai suna miƙa saƙo hannu zuwa hannu, wannan furotin ya taɓa wancan, wancan ya tada na gaba, har magana ta isa cibiya. Notch kuwa shi ne makarɓin, shi ne kuma ɗan aiken: ana yanke masa wutsiya, wutsiyar ta kama hanyar cibiya da kanta.

Sunan ya samo asali ne daga giɓin da aka gani a gefen fiffiken wasu ƙudajen 'ya'yan itace, wanda John Dexter ya bayyana a 1914, Thomas Hunt Morgan kuma ya ci gaba da nazarinsa a 1917. A tsakiyar shekarun 1980 ɗakunan binciken Spyros Artavanis-Tsakonas da Michael Young suka karanto tsarin ƙwayar gadon, aka ga furotin ne da ke ratsa tantanin sel. Mutum yana da irinsa huɗu, Notch1 zuwa Notch4, da furotin biyar masu tada su, dangin Jagged da dangin Delta, waɗanda su ma a jikin tantanin sel maƙwabciya suke. Saƙon Notch saƙon maƙwabta ne da ke jingine da juna.

Yanka uku ake yi masa. Na farko yana faruwa tun kafin ya fito fili, a sashen sel da ake kira Golji, inda wani enzayim mai suna furin, wato furotin da ke aiki a nan kamar wuƙa, ke raba shi gida biyu, gidajen biyu kuma su ci gaba da manne da juna. Gurbin yanka na biyu yana waje, dab da tantanin, amma a lulluɓe yake da wasu ƙulle-ƙulle uku na furotin ɗin kansa, kowane ƙulli yana riƙe da ƙwayar kalsiyam da ke ƙarfafa shi. Muddin murfin nan yana rufe, wuƙa ba ta da wurin shiga. Idan Jagged ko Delta na maƙwabciyar sel ya kama kan Notch, maƙwabciyar takan haɗiye nata furotin ɗin zuwa ciki, wannan haɗiyar ta fizgi Notch, murfin ya buɗe, enzayim ADAM10 ya yanke kan. Daga nan sai gama-sikiretas, wani enzayim mai sassa huɗu da ke zaune cikin maiƙon tantanin, ya yi yanka na uku a cikin tantanin kansa. A 1998 ɗakin binciken Raphael Kopan ya nuna gurbin wannan yanka, a 1999 kuma Bart De Strooper na Beljiyam da Gary Struhl da Iva Greenwald na Amurka suka nuna cewa sai da furotin firesinilin ake yin sa, wanda daga baya ya tabbata shi ne bakin wuƙar.

Ɗalibar ta ba ni labarin cewa ranar da ta yi ƙoƙarin yi wa mahaifinta bayanin aikin, yana fiɗar rago a tsakar gida, sai ya kama ƙafar ragon ya ja ta baya har gaɓar ta buɗe, ya ɗora wuƙa a wurin, ya ce, "Uwata, wannan ai ba sabon abu ba ne. Ba a saran ƙashi. Ja ake yi gaɓa ta nuna kanta, sannan a yanka." Tun daga ranar da wannan misali take yi wa sababbin ɗalibai bayani, ni ma da shi nake amfani.

Wutsiyar da ta kuɓuta tana shiga cibiya, ta haɗu da furotin RBPJ da ke zaune a kan ƙwayoyin gado, su jawo na uku mai suna Mastermind, su kunna ƙwayoyin gado irin su HES1 da HEY1. Abu biyu ne suka fi muhimmanci ga wannan lamari. Kowane makarɓi sau ɗaya yake aika saƙo, domin aikawar ita ce ƙarshensa. Wutsiyar kuma ba ta daɗewa, domin a ƙarshenta akwai wani yanki da ake ɗaura wa alama, furotiyasom, wato injin niƙa tsofaffin furotin na sel, ya cinye ta. Saboda haka a kowane lokaci kaɗan ce ƙwarai ake samu a sel, kuma wannan 'yar kaɗan ɗin ce aka ce ɗalibar ta auna.

Oktoba zuwa Disamba 2023: layi ɗaya a kowane gurbi

Hanyar awon ita ce gwajin westan bulot: a fasa sel, a zuba furotin ɗinsu a gurabe a kan jel, wutar lantarki ta jera su bisa nauyi, sannan a yi amfani da antibodi da ke kama furotin ɗin da ake nema ya fito a matsayin baƙin layi. Ta bi takardar ƙa'idar aiki da ta gada a ɗakin. Faranti biyar take shiryawa: ɗaya ba a sa masa komai ba, uku an sa musu ruwan ganyen a ƙaramin ma'auni da matsakaici da babba, na biyar kuma an sa masa DAPT, maikiromola 10, na tsawon awa 24. DAPT sinadari ne da ke toshe gama-sikiretas, an fara haɗa shi ne a neman maganin cutar mantuwa ta Alzheimer, domin wannan enzayim ɗin ne ke yanka furotin APP da ke haifar da dunƙulen da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar. A gurbinsa ya kamata layin ya ɓace, kuma ɓacewar ce shaidar cewa abin da ake gani a sauran gurabe wutsiyar Notch ce da gaske.

Sau huɗu ta yi gwajin, kowane karo layi ɗaya mai kauri ya fito kusa da kilodalton 120 (ma'aunin nauyin furotin ke nan) a dukkan gurabe biyar, har da na DAPT. Ta rage kaurin jel ɗin ta kuma tsawaita lokacin gudu, layin ya ɗan faɗaɗa amma bai rabu ba. Dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Antibodin da ke firizar ɗakin yana kama ƙarshen wutsiyar ne, ko tana manne da tantani ko ta kuɓuta. Wadda ke manne, bayan yankan furin, nauyinta kusan 120 ne, wadda ta kuɓuta kuma kusan 110, kuma ta farkon ta ninka ta biyun yawa nesa ba kusa ba, ta rufe ta ruf.

Aka yanke shawarar sayo antibodin da ba ya kama komai sai sabon bakin da yanka na uku ke bari, wanda ke farawa da amino asid balin na 1744 a ɓera, na 1754 a mutum. Da dala ake sayen sa, a lokacin da darajar naira ke ta faɗuwa tun bayan sakin farashinta a watan Yuni na 2023, kuma sai an kawo shi cikin sanyi. Ya ɗauki mako tara kafin ya iso. A cikin wannan jira ne, a ƙarshen Nuwamba, malaminta ya kawo wa taron mako labarin cewa hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nirogacestat, maganin farko mai toshe gama-sikiretas da ya sami izini, domin ƙari irin na desmoyid. Ya kuma tuna mana cewa a 2010 an dakatar da gwajin wani ɗan'uwansa, semagacestat, a kan masu Alzheimer, bayan an ga tunanin masu shan sa yana ƙara lalacewa, kansar fata kuma ta ƙaru a cikinsu, domin wuƙar da aka toshe ba APP kaɗai take yanka ba.

Janairu zuwa Maris 2024: sakamakon da ya yi kyau da yawa

Da sabon antibodi, layi ya fito a 110 inda ake tsammaninsa. A gurbin da ba a sa komai ba ya yi kauri, a ƙaramin ma'aunin ganye ya ragu, a matsakaici ya ƙara raguwa, a babba ya dusashe. Duk wanda ya taɓa aikin magani ya san irin farin cikin da wannan jeri ke sa mutum, domin shi ne hoton da ake fatan gani. Sai dai gurbin DAPT, inda bai kamata a ga komai ba, shi ne ya fi kowane gurbi baƙi.

Ta maimaita sau uku kafin azumi ya shiga tsakiya. Sau biyu hoton ya dawo yadda yake. A karo na uku dukkan layukan suka yi kauri sosai, bambancin da ke tsakanin ma'aunan ganyen ya kusa shafewa, na DAPT kuma yana nan a gaba.

Afrilu da Mayu 2024: abubuwan da aka zarga

Zargi na farko ya faɗa kan DAPT ɗin. Firizar da ake ajiye shi ta sha narkewa a lokutan da wuta ta ɗauke janareta kuma bai tashi da wuri ba, saboda haka aka aro sabo daga wani ɗakin bincike. Bai canza komai ba. Sai aka zargi musayar kwalabe, aka sa babban ma'aikacin ɗakin, wani dattijo Bazazzagi da kowa ke kira Baba, ya rubuta musu lambobi ba tare da ta san wace ce wace ba. Da aka buɗe lambobin, kwalbar DAPT ce dai mai layi mafi kauri. An gwada sel ɗin ko sun kamu da ƙwayar cutar maikofilasma, wadda ke yawan ɓata aikin reno ba a sani ba, gwajin ya nuna babu. Daga ƙarshe ta ninka ma'aunin DAPT zuwa maikiromola 20, ta tsawaita lokacin zuwa awa 48, a zatonta ko bai isa ba ne. Layin ya ƙara kauri.

A nan ne wani abokin karatunta ya ba ta shawarar ta yanke gurbin DAPT daga hoton, ta gabatar da huɗun da suka yi daidai, tunda tambayar a kan ganye ce. Ta kai maganar gaban malaminta cikin ladabi, ta ce, "Malam, lokaci yana tafiya, kuɗin ma ya kusa ƙarewa. Ko za a iya ci gaba da sauran, a bar wannan tukuna?" Ya ce mata, "Idan kin cire shi, mai jarrabawa ya tambaye ki ta yaya kika san layin nan aikin gama-sikiretas ne, me za ki ce masa? Ki bar shi inda yake, ki auno mini HES1."

Awon HES1 ya ƙara rikita lissafi. A farantin DAPT saƙon wannan ƙwayar gado ya faɗi ƙasa sosai, kamar yadda littafi ya ce, abin da ke nuna sinadarin yana aiki. A faranta uku na ganyen kuwa bai motsa ba. Sel iri ɗaya, magani iri ɗaya, awo biyu suna musanta juna. Ba wanda ya lura a lokacin cewa a awon HES1 ana zuba ruwan fasa sel ne kai tsaye a kan farantin, ba a ɗaga sel ɗin daga inda suke.

Yuni 2024: littafin aiki

Bayan hutun Babbar Sallah, Baba ya nemi ta kawo masa littafin aikinta. Tana da ɗabi'ar da ba kowane ɗalibi ke da ita ba, ta rubuta ƙarfe nawa ta fara kowane mataki a gefen shafi. Ya zauna da jan biro, tabarau a bakin hanci, ya fitar da lokutan a takarda guda, sannan ya kira ta ya ce, "'Yata, zo ki karanta mini wannan. Wane faranti kike fara ɗauka?" Ta ce, "Na DAPT, Baba, sai wanda ba a sa wa komai ba, sai na ganye daga ƙarami zuwa babba." Ya ce, "Kullum?" Ta ce, "Kullum."

Ga yadda girbin yake gudana bisa takardar ƙa'idar. Tana zubar da ruwan reno, ta wanke sel sau biyu da ruwan gishiri marar kalsiyam, ta zuba tiripsin, enzayim da ke ɗaga sel daga faranti, mai haɗe da wani sinadari mai suna EDTA, ta mayar da farantin cikin na'urar ɗumi a digiri 37. Sel ɗin MCF-7 suna manne wa juna curi-curi, don haka takan bar su fiye da minti biyar ɗin da aka rubuta. Idan sun saki, ta kwashe su a kwalba, ta ajiye a kan tebur, ta ɗauki faranti na gaba. Sai ta gama duka biyar take kai su injin juyawa, wanda ɗalibai da yawa ke layi a kansa, sannan ta fasa su. Kwalbar farko takan yi minti 40 zuwa 50 a kan tebur cikin zafin Legas, ta ƙarshe kuma minti 10 ko ƙasa da haka. Da Baba ya jera lokutan kusa da hotunan, kaurin kowane layi ya bi tsawon jiran kwalbarsa sau da ƙafa. Ranar da dukkan layuka suka yi kauri ita ce ranar da wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, kwalaben biyar suka yi zaman jiran janareta.

A ranar 25 ga Yuni ta shirya faranti huɗu da ba a sa wa ko ɗaya ganye ba. Na farko ta ɗora shi a kan ƙanƙara, ta zuba ruwan fasawa, ta kankare sel ɗin nan take. Na biyu ta yi masa tiripsin da EDTA ta fasa ba jira. Na uku ta yi masa haka ta bar shi minti 45. Na huɗu ta yi masa kamar na uku, amma da DAPT a cikin kowane ruwa da ya taɓa shi, daga na wanki har na jira. Na farko ya ba da layi siriri da sai an ƙura ido ake ganinsa, na biyu ya fi shi, na uku ya yi baƙi ƙirin, na huɗu bai nuna komai ba.

Bayanin wannan yana cikin abin da aka riga aka sani. Aikin EDTA shi ne kame kalsiyam, shi ya sa ake haɗa shi da tiripsin, domin furotin da ke manne sel da sel suna buƙatar kalsiyam. Amma ƙulle-ƙullen nan uku da ke rufe gurbin yanka na biyu su ma da kalsiyam suke tsaye, kuma tun a shekarar 2000 wasu masu bincike a Boston suka nuna cewa cire kalsiyam yana kwance murfin ya kunna Notch ba tare da wata maƙwabciya ta ja shi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a wannan yanayi ADAM17 ne ya fi yin yankan, maimakon ADAM10. Gaɓar ta buɗe ba tare da an ja ƙafa ba, wuƙaƙen kuma ba sa tambayar wanda ya buɗe ta.

Gurbin DAPT yana da ƙarin dalili. Sinadarin yana toshe yanka na uku ne kawai, na biyu yana ci gaba, saboda haka cikin awa 24 guntayen Notch da aka riga aka sare wa kai suna taruwa a tantani suna jiran wuƙa ta ƙarshe. DAPT kuma ba ya manne wa enzayim ɗin har abada, wanki yana fitar da shi. Wanki biyun da take yi kafin tiripsin suna buɗe ƙofar, guntayen da suka taru su kwararo gaba ɗaya, a kwalbar da ta fi kowace daɗewa a kan tebur. Shi ya sa tsawaita lokacin zuwa awa 48 ya ƙara wa layin kauri, domin abin da ya taru ya ƙaru.

Yuli zuwa Satumba 2024: sabuwar hanya da nata matsalolin

Daina amfani da tiripsin wajen girbi ya kawar da saƙon ƙarya, ya kuma bar ta da na gaskiya, wanda ya yi siririn da ba za a iya auna raguwarsa ba. Ta ninka furotin da take zubawa a kowane gurbi daga maikirogiram 30 zuwa 60, ya taimaka kaɗan. Ta gwada MG132, mai toshe furotiyasom, na awa uku kafin girbi, layin ya fito sosai tunda an hana niƙa wutsiyar, amma sinadarin yana wahalar da sel ta hanyoyi da yawa, malaminta ya ce ba za a gina sakamako a kansa ba.

Sai aka koma ga tada Notch ta hanyarsa ta asali. Ta zuba narkakken Jagged1 a cikin ruwan reno, bai yi komai ba, kuma abin da ya kamata a yi tsammani ke nan, domin furotin da ke yawo a ruwa yana iya kama kan Notch amma ba shi da abin dogaro da zai ja. Da ta shafe ƙasan farantin da Jagged1 ta bar shi ya manne, sannan ta shuka sel a kai, layin ya fito a kaurin da ake iya aunawa, HES1 ma ya hau tare da shi. Tunda shukar kanta tana buƙatar a ɗaga sel da tiripsin, takan jira awa 24 kafin ta zuba ganyen, domin wutsiyar da EDTA ta haifar ta gama ƙarewa.

Aka ƙara ƙa'idoji biyu. Jerin girbin faranta da ƙuri'a ake fitar da shi kowane karo, Baba ya naɗe 'yan takardu ta zaɓa. EDTA kuma ya koma ma'aikaci: faranti ɗaya ake ware masa da gangan, a zuba shi na minti 15, domin a tabbatar antibodin yana aiki a ranar.

Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: sakamako

Sau uku aka yi cikakken gwajin da sel da aka rena daban-daban. A dukkan ukun DAPT ya shafe layin ya kuma saukar da HES1, EDTA ya baƙanta shi, ruwan ganyen kuwa bai taɓa kaurin layin ba, bai kuma taɓa HES1 ba, a ƙaramin ma'auni da matsakaici. A babban ma'auni kusan rabin sel ɗin sun mutu cikin awa 48, kuma a cikin waɗanda suka rage, idan aka daidaita da yawan furotin, wutsiyar Notch tana nan yadda take. Ta sake rubuta kundinta, babi guda ya koma kan yadda hanyar girbi ke ƙirƙirar saƙon, ta miƙa shi a watan Janairu na 2025.

Hukunci

Ganyen ba ya toshe yankan Notch1 a sel ɗin MCF-7 a ma'aunan da aka gwada. Wannan bai shafi sauran makarɓai uku na dangin ba, domin antibodin Notch1 kaɗai yake gani, bai kuma ce komai a kan jikin mace mai ciwo ba.

Takardar ƙa'idar da ta gada ba ta da aibi ga aikin da aka rubuta ta dominsa, wato awon furotin da ke zaune lafiya ko an ɗaga sel ko ba a ɗaga ba. Ta gaza ne a nan saboda abin da ake aunawa yanka ne, yanka kuma yana faruwa cikin mintoci, a cikin kwalba, bayan mai bincike ya ɗauka gwaji ya ƙare. Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka gano irin wannan tsari a furotin SREBP mai kula da kolestarol, sun tattara misalansa ƙarƙashin suna guda a shekarar 2000, kuma a ganina duk mai aiki a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan furotin ya kamata ya fara tambayar me hanyar girbinsa ke yi wa murfin da ke tsare gurbin yanka. A sankarar jini ta sel ɗin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, an nuna a 2004 cewa fiye da rabin masu cutar suna da sauyi a NOTCH1, ko dai a wurin da ke riƙe murfin ko a yankin da ke sa a niƙa wutsiyar. Abin da EDTA da MG132 suka yi a teburinta na ɗan lokaci, shi cutar ke yi a jiki ba tsayawa.

Watanni biyun da aka kashe a kan firiza da kwalabe da maikofilasma ba su zama dole ba. Tun ranar da ƙarin lokaci ya ƙara wa layin DAPT kauri ya kamata a gane cewa sinadarin yana aiki, domin lalataccen magani ba ya ƙara komai, kuma saɓanin da ke tsakanin HES1 da westan bulot ya nuna girbi da yatsa tun a watan Mayu. Ni ma ina da kaso a wannan jinkiri, domin kwalaben nan a gabana suke zama kowane mako, na sha matsar da su gefe in ajiye nawa kayan. Abin da ya ceci aikin shi ne ƙin cire gurbin da malaminta ya yi da kuma lokutan da ta rubuta a gefen shafi, waɗanda ba wanda ya umarce ta da rubutawa.

An gyara takardar ƙa'idar ɗakin, an ƙara mata shafi na musamman ga Notch, an kuma sa gurbin rubuta lokaci a gaban kowane mataki na girbi. Tambayar ta wace hanya babban ma'aunin ganyen ke kashe sel an miƙa ta ga ɗalibin da ya shigo bayanta.